Kaskon garwashi a ɗaki: gubar da ba ta da wari

Da zaran watan Disamba ya kama, ɗari ya sauka cikin Dallol Mawri, sai kwanan dare ya sake salo a ƙasar Arewa. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Kore Mai Ruwa zuwa Tibiri, ana idar da sallar lisha sai a ja ƙofa, a toshe taga da tsumma, a shigo da kaskon garwashi a aje gindin gado don tsoho ko maijego su ji ɗumi. Uwargida takan jira sai hayaƙi ya ƙare, gawayi ya yi jawur, sannan ta shigo da shi, a zatonta illar ta wuce. Alhali kuwa babban haɗarin yana nan daram.

Duk abin da ke ci da wuta, gawayi ne, ko icce, ko kananzir, ko gas, in bai samu isasshiyar iska ba, yana fitar da wata guba da masana ke kira monoksid na karbon, ko CO a taƙaice. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye kamar hayaƙi. In aka shaƙe ta, takan kama sinadarin da ke ɗaukar oksijan cikin jini, kuma riƙonta ya fi na oksijan ƙarfi fiye da sau 200. Mutum yana numfashi, amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba su samun rabonsu. Mai barci kuwa ba ya farkawa balle ya nemi ƙofa.

Ma'aikatan da suka karanta littattafan Émile Zola a lakwal, watakila ba duka suka san ajalinsa ba. Ranar 29 ga Satumba 1902 aka tarar da shi ya rasu a ɗakin kwanansa a birnin Paris, bayan an kwana da wuta a murhun da bututun hayaƙinsa ya toshe. Matarsa da kyar aka ceto ta. Ashe gubar ba ta san gidan siminti ko na laka ba.

A wajen ƴan kasuwa, haɗarin ya fi zuwa ta injin lantarki. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, har zuwa Maris na 2024, masu shaguna da yawa sun dogara ga janareto. Tsoron ɓarayi kan sa a shigar da shi cikin shago ko zaure, yaron shago kuma ya shimfiɗa tabarma kusa da shi. Wannan kwana ne da ajali. Wurin inji fili ne, nesa da ƙofa da taga, ko da za a ɗaure shi da sarƙa.

Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai da mutuwar jiki. Shi ya sa akan ɗauka masassara ce, ko abincin dare ne ya ɓaci, wani ma ya ce sammu ne ko aikin iskoki. Amma akwai shaida mai sauƙi: babu zafin jiki, mutanen ɗaki guda sun kamu a lokaci guda, kuma da an fita waje sai a fara jin dama. Jarirai, da mata masu ciki, da tsofaffi, da masu ƙarancin jini su ne suka fi saurin faɗuwa.

In haka ta faru, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da kowa fili, a fitar da wutar. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa nono ko ruwa: nono ba ya karya wannan guba, sai dai ya sarƙe shi. A hanzarta kai shi likita, a gaya wa ma'aikatan lafiya cewa da gawayi ko inji aka kwana, domin maganin shi ne oksijan. Da iskar Allah kawai, sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabin gubar ya bar jini. Da oksijan tsantsa kuwa wajen awa ɗaya da rabi ya isa. Ko wanda ya farfaɗo da kansa ya kamata a duba shi, don mantuwa da ruɗewa kan iya biyo baya bayan makonni.

Saboda haka, jama'a, a ɗuma ɗaki ƙofa a buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta, a ƙara bargo. Masu shayi su bar murhunsu a tsakar gida. Mai girki da gas ya dubi harshen wutarsa: shuɗi ake so, in ya koma rawaya a gyara murhun. Kuɗin bargo ɗaya bai kai na likkafani da zaman makoki ba. Allah ya raba mu da kwanan da babu tashi.