Mai Ciwon Suga Ma Yana Da Bakin Magana

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin masu ciwon suga da danginsu, wai mara lafiya ba shi da hurumin cewa ana kula da shi da kyau ko ba a yi, wannan sanin likita ne. Tambayi dattijon da ya daɗe yana zuwa asibiti yadda ake duba shi, amsar ba za ta wuce "Alhamdulillahi, suna ƙoƙari" ba. In ka matsa masa, sai ya kawo maka hujja: an rubuta masa magani kala-kala, har ƙarin ruwa an taɓa yi masa. A wurinsa yawan ƙwaya da allura shi ne kulawa.

Suga nau'i na biyu shi ne wanda jiki ke daina jin aikin sinadarin insulin yadda ya kamata, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu suga shi ke gare su. Ciwo ne da ake zama da shi shekara da shekaru.

To a nan wancan tunani ya rushe. Mai suga yana ganin likita na 'yan mintoci bayan wata ɗaya ko uku. Sauran kwanakin duk yana gida: shi ke auna tuwon da zai ci, shi ke tuna shan maganin metformin, shi ke jin ƙafarsa tana dindiris. Takardar asibiti za ta nuna an rubuta magani, amma ba za ta nuna ko an yi masa bayanin da ya gane ba, ko ya daina sha saboda yana ɓata masa ciki ya ji nauyin faɗa. Wa zai san wannan in ba shi ba?

Masana sun daɗe da gane haka. A shekarun 1990 Dakta Edward Wagner da abokan aikinsa a birnin Siyatil na Amurka suka fito da tsarin kula da cututtuka masu daɗewa, wanda ya sa mara lafiya cikin masu yanke shawara. A 2005 Russell Glasgow da tawagarsa suka wallafa ma'aunin da ake kira PACIC, mai tambayoyi 20, don a ji daga bakin marasa lafiya ko ana bin tsarin. Mutum zai tuna watanni 6 da suka wuce, ya ba kowace tambaya maki daga 1 zuwa 5, gwargwadon yawan faruwar abin. An fassara shi zuwa harsuna da dama.

Abin da ya fi burge ni shi ne akasarin tambayoyin ba sa neman yabo ko suka, abin da ya faru suke nema. An nemi ra'ayinka lokacin tsara maganinka? An tambaye ka ko maganin yana ba ka matsala? An taimake ka ka sa wa kanka manufa takamaimai kan abinci ko motsa jiki? An yi la'akari da al'adarka da abin da ka yi imani da shi? Wani ya tuntuɓe ka bayan ka koma gida? Ga mutanenmu masu kunya da kawaici, wannan ya fi dacewa. Wanda ba zai taɓa cewa "ban ji daɗi ba" yana iya cewa "a'a, ba a taɓa tambayata ba" ba tare da ya ji ya ci mutuncin kowa ba. Kuma faɗin hakan ba butulci ba ne. Asibitin da ya tara irin waɗannan amsoshi ne zai gane inda yake yoyo. Ma'aunin dai bai maye gurbin gwajin jini ba, kowanne da aikinsa.

Ƙarancin likitoci da tsadar magani suna nan, ba a musu.

Amma duk da haka akwai abin da za ka iya yi da kanka, ba sai an miƙo maka takardar tambayoyi ba. Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta awon suganka da hawan jini. Ranar asibiti ka tafi da duk magungunan da kake sha, har da jiƙo da garin gargajiya, ka daina ɓoye su. Tambayi sakamakon HbA1c, gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3. Ga manya da yawa ana son ya sauka ƙasa da kashi 7, sai dai likitanka ne zai faɗi naka. Cire takalmi da safa ka ce a duba ƙafarka, domin ciwon yana kashe jijiyoyi har mutum ya taka ƙusa bai sani ba. In shekara ta zagayo ba a duba idonka da ƙodarka ba, ka tuna musu. Mai niyyar azumi ya yi maganar tun kafin Ramadan ya kama, don a gyara masa lokacin shan magani da yawansa.

Ku kuma 'ya'ya masu raka iyaye, don Allah a bar zama a waje ana latsa waya. Shiga tare da Baba ko Inna, ka saurara, in ba a gane ba ka ce a maimaita da Hausa, sannan ka rubuta ranar dawowa kafin ku bar ɗakin.