Me ake nufi da 'yada zango'?

Matafiyin da ya taso daga Kano ya nufi Gwaram ta hanyar Wudil, sau da yawa yakan ji direba ya ce za a yada zango a Birnin Kudu, domin a yi salla a kuma ci abinci.

Kalmar ta girmi mota. A zamanin fatauci, zango shi ne masaukin ayari a bayan gari, inda madugu ke ba da umarnin a sauke wa jakuna kaya bayan tafiyar yini. Har nisan hanya da shi ake aunawa, a ce tsakanin gari kaza da gari kaza zango uku ne.

Don haka yada zango na nufin tsayawa ta ɗan lokaci ga wanda ke da sauran tafiya a gabansa. Ba a faɗar haka ga mutumin da ya iso gida.

Wannan bambanci na da tasiri a ibada. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin arewacin Najeriya ke bi, ana yin kasaru a tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, kuma tsakanin Kano da Birnin Kudu ya zarce haka.

Wanda ya yada zango na sa'a guda ko kwana biyu yana nan a matsayin matafiyi. Amma da zarar ya ƙudurta zaman kwana huɗu, sai ya cika sallarsa.

Sai dai tarihi ya nuna cewa wani zangon kan rikiɗe ya zama gida. Zangon Kataf a jihar Kaduna ya samo sunansa ne daga masaukin fatake, haka ma unguwannin zango na Kumasi da Accra a ƙasar Ghana, inda a shekarar 2017 gwamnati ta kafa ma'aikata domin kula da su.

A yau kalmar ta shiga makaranta, inda ake cewa zangon karatu na farko ko na biyu. A kafafen watsa labarai kuma akan ji cewa jirgin alhazai ya yada zango a wata ƙasa kafin ya ƙarasa Jidda.