Ɓeran Gidan Haya

Ba kasafai sabon ɗan haya yake ganin ɓera da idonsa a makon farko ba. Abin da yake tararwa shi ne baƙin kashi ƙanana a bayan buhun shinkafa, da sabulun da aka gwagwiye, sai kuma guje-guje a cikin silin da zarar an kashe fitila. A gidan yawa, inda silin ɗaya ya haɗa ɗakuna biyar ko shida, ɗakin da ya daɗe a rufe ya riga ya zama hanyar wucewarsa.

Ƙanƙantarsa ce take sa a raina shi. Cikin ɓeran gida kwana 19 zuwa 21 ne, uwar takan haifi biyar zuwa takwas a lokaci guda, kuma wajen mako shida 'ya'yan sun isa su haihu su ma. Kafar da fensir zai shiga ta ishe shi kurɗawa. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, saboda haka dole ya yi ta gwagwiya, ko katako ko takardun makaranta ko wayar lantarki, kuma wayar da ya feɗe a silin tana iya tada gobara. Wannan barazana tsohuwa ce. Ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a kashe fitila kafin barci, domin ɓera yakan ja lagwani ya ƙona gida da mutanensa, kuma yana cikin dabbobi biyar da aka halatta kashewa ko da mutum yana cikin harama.

Tsofaffi sukan ce ɓera yana cizon ƙafar mai barci yana hura mata iska don kada ya farka. Shi ya sa ake kamanta shi da mutumin da yake cutar da kai yana yi maka daɗin baki.

Mafi haɗari shi ne ɓeran nan mai yawan nonuwa, wanda yake zirga-zirga tsakanin gona da gida. Fitsarinsa da kashinsa su ne suke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau. Ta fi tsananta da rani, kuma kusan kowace shekara hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Najeriya (NCDC) tana lissafa Ondo da Edo da Bauchi da Taraba cikin jihohin da ta fi addaba. Garin rogon da aka shanya a bakin titi, ko kwanon tuwon da ya kwana a buɗe, sun isa su kai ta cikin iyali.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai son raba ɗakinsa da ɓera daga wajen daddawar zai fara: hatsi ya koma cikin ganga ko bokiti mai murfi, a wanke kwanuka kafin a kwanta, shara kada ta kwana a ɗaki. Daga nan sai neman kafa, a ƙarƙashin ƙofa da inda famfo ya ratsa bango. Tsumma da kwali ba sa tare shi. Siminti da aka cuɗa da fasasshiyar kwalba shi ne yake riƙewa. Tarko kuwa a jikin bango ake ɗana shi da ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi, tunda ɓera bango yake bi, ba ya son ratsa tsakar ɗaki.

Shinkafar ɓera ita ce mutane suka fi gaggawar saye, alhali a gidan da yara suke rarrafe ita ta fi cancanta a guje wa. Kaji suna tsattsaga, magen maƙwabta tana cin mushen ta mutu, wanda ya mace a silin kuma warinsa ya hana kowa sakat. Toshe ramuka da gyaran magudana nauyin mai gida ne, kuma ya fi kyau ɗan haya ya nuna masa su tun kafin ya biya kuɗin shekara. Mushen da tarko ya kama, a sa leda a hannu a ɗauke shi a binne, a goge wurin da ruwan bilic maimakon share shi a bushe.