Tarwaɗa, In Ruwa Ya Janye

Ƙasar Tasawa da Mayahi ba ƙasar ruwa ba ce. Ƙasar hatsi ce da wake da gujiya, ta jigawa da gawo da goriba. Gulbin Kaba da ya ratsa ta kwari ne mai faɗi da yashi, ba ya ɗaukar ruwa ya gudana yadda Gulbin Maradi ke yi da damina. Duk da haka akwai kifi. Yana cikin tabkunan da ruwan sama ke cikawa daga Yuli zuwa Satumba, wasu su ƙafe kafin a gama kai amfanin gona rumbu, wasu su kai bazara, 'yan kaɗan su riski wata daminar. A irin waɗannan ne ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyin gari kan zuba irin kifi, galibi tarwaɗa da karfasa. Ga kuma kiwon gida da ya shigo jihar Maradi, inda mutum kan gina kwamin siminti ko ya kafa na tamfol, ya sayo 'ya'yan kifi ya zuba.

Kukan sabon mai kiwo kusan guda ne ko'ina: an zuba da yawa, an kwashe kaɗan, kuma ba a ga gawa ba. Sai a zargi yaran unguwa, ko zalɓe, ko kambun baka. Alhali da ɗan gari kan ci gari. Ɓarawon yana nan cikin ruwan, yana motsa gashin baki, ya fi kowa ƙiba.

A dubi halittar tarwaɗa da kyau, domin halinta duka yana rubuce a jikinta. Ba ta da ɓawo, fata ce sumul mai yauƙi, baƙi-baƙi a baya, fari a ciki. Kanta faffaɗa ne mai taurin ƙashi, idanunta 'yan mitsi-mitsi, bakinta kuwa ya kusa cinye faɗin kan. Gashin bakinta takwas ne, huɗu a sama, huɗu a haɓa, kuma ba ado ba ne: da su take taɓawa, da su take ɗanɗana. A ruwan tabki mai laka, inda shanu suka dama ƙasa har ba ka ganin tafin hannunka in ka nutsa shi, ido ba ya wani aiki, gashin nan shi ne jagora. Shi ya sa in tarwaɗa biyu suka kaure, can suke kai wa juna cizo, ko kuma ga wutsiya da dogon fiffiken nan da ya bi gadon baya. A kowane gefen ƙirji tana da ƙaya guda mai ƙarfi. Duk yaron da ya taɓa lalube a taɓo ya san zafinta.

Abin da ya sa ta dace da ƙasa irin tamu yana ɓoye cikin kai. A saman jajayen nan da kowane kifi ke tace iskar cikin ruwa da su, Allah ya ƙara mata wata gaɓa mai rassa da ke karɓar iskar sarari. Takan taso ta haɗiyi iska ta koma. Ruwan da ya yi zafi ya ɓaci har karfasa ta fara hamma a sama, tarwaɗa tana nan daram. Mai sayarwa kan ajiye ta yini guda a roba da ɗan ruwa kaɗan, da ranta. A daren da aka yi ruwa mai yawa kuwa takan fita tabki, ta dogara da ƙayoyin nan biyu, ta ja jiki cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa ta nemi wani ruwan. Mutanen da ke cewa kifi kan faɗo daga sama tare da ruwa ba banza suka faɗa ba. Sun wayi gari sun ga kifi a kududdufin da jiya babu komai, ba su dai ga tafiyar dare ba.

Ba ta zaɓen abinci. Ƙwari, tsutsa, kwaɗo, katantanwa, mushe, 'ya'yan itacen da suka faɗo, duk tana ci, kuma da dare ta fi kiwo. Haihuwarta da farkon cikar ruwa ce, cikin ciyawar da ruwa ya shanye. Ta zuba ƙwai dubbai masu manne wa ganye, namiji ya bi, su yi tafiyarsu, babu mai waiwaya. Cikin kwana ɗaya ko biyu an ƙyanƙyashe. 'Yan kwanaki kaɗan guzurin da suka fito da shi a ciki ya ƙare, baki ya buɗe, kuma abu mafi kusa da bakin kowa shi ne ɗan'uwansa.

Wasu masana biyu, Hecht da Appelbaum, sun bi diddigin wannan lamari a Afirka ta Kudu, suka wallafa abin da suka gani a 1988. Sun ce cin juna iri biyu ne. Tun 'ya'yan tarwaɗa suna ƙanana, girmansu kusan ɗaya, wani kan cafke wani ta wutsiya, ya yi ta haɗiya har ya kai kai, kan ya gagara, ya gutsure ya yar. In suka ɗan tasa bambancin girma ya bayyana, sai babba ya haɗiye ƙarami ta kai, ɗungurungum. Wannan na biyu shi ya sa ba a ganin gawa. A kowace ƙyanƙyasa akwai 'yan kaɗan da ke zarce sauran tun makonnin farko. Wanda ya zarce ya ci ɗan'uwa, naman ɗan'uwa ya ƙara masa girma fiye da abincin da ake watsawa, girman ya ba shi bakin da zai ci wanda ya fi na jiya. Haka abin ke ci gaba har kwamin ya koma na ƙattai 'yan kaɗan. Mai kiwo yana murna da ƙosassun kifinsa, bai san jarinsa ne ke cikin tumbinsu ba.

Amma cin juna daban, faɗa daban, kuma a nan ne tarwaɗa ta saɓa wa abin da hankali ke fara bayarwa. Kowa zai ce cunkoso ke kawo faɗa. A wajen 'ya'yan tarwaɗa an sha ganin akasin haka. In sun yi kaɗan a wuri mai faɗi, kowace sai ta kama kusurwa ta ce nan nata ne, duk wadda ta gifta ta sha cizo. In suna da yawa daidai misali, babu mai iya tsare wuri, sai su haƙura su yi ta yawo tare. Ba a sarki biyu gari ɗaya, amma in kowa talaka ne ana kwana lafiya. Haske ma yana da hannu. A fili tarau ƙarƙashin rana sun fi tsangwamar juna, a inuwa da duhu sun fi natsuwa. Har an gano cewa lokacin faɗa tarwaɗa kan saki ɗan lantarki mai rauni daga jikinta, wanda mutum ba ya ji. 'Yar'uwarta minjirya ce ta kai wannan baiwa maƙura, har take girgiza hannun masunci.

Alamar faɗa ba ta ɓuya ga mai lura: gashin baki guntule, fiffike a yage, farin zane a fata, wani lokaci jan rauni kusa da wutsiya. Ruwa ba ya tsami banza. Fiffike da gashin baki sukan sake tsirowa in cizon bai kai tushe ba, in kuma ruwan mai tsabta ne. In ruwan ya ɓaci, farar fumfuna ta hau raunin, kifin ya daina ci, ya raɓe gefe, sauran su ji warin rauni su taru a kansa. Da yawa daga abin da ake kira cuta a kwami, cizo ne mafarinsa.

Karfasa, maƙwabciyarta a tabki, nata faɗan na gida ne. Namiji kan share ƙasa da baki ya haƙa ɗan gurbi zagayayye, ya tsaya a kai. Wani namijin ya matso, su baje fukafukai, su haɗa baki da baki suna turereniya har ɗaya ya juya. Macen kuwa ita ce uwa ta gaske cikin kifayen nan. Tana kwashe ƙwanta a baki, ta riƙe su mako ɗaya zuwa biyu ba ta cin komai, bayan sun ƙyanƙyashe ma in tsoro ya zo bakinta suke komawa. Wanda bai sani ba zai rantse 'ya'yanta take ci. Wannan tarairaya ce ke sa karfasa ta cika ruwa da 'ya'ya har abinci ya kasa, kowa ya tsumbure. Saboda haka masu kiwo da dama kan saka mata tarwaɗa 'yan kaɗan da gangan su rage yawan, waɗanda suka saura su yi girma. Halin da ya zama asara a kwamin 'ya'ya, a nan ya zama amfani. Sai dai a san wanda ake gayyata. Giwan ruwa da aka zuba a tafkin Victoria na gabashin Afirka cikin shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓatar da ire-iren ƙananan kifi fiye da ɗari. Ita kanta tarwaɗarmu, da aka kai ta Indiya ta kuɓuce cikin koguna, sai da hukuma ta haramta kiwonta.

Ta uku a tabki ita ce gaiwa, kuma ita babu wanda ya zuba ta. In ruwa ya ƙafe takan nutse cikin taɓo, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafar iska, ta kwana watanni tana numfashi da huhu. Hausawa suka ce gaiwa jikinta take ci, ana kuma faɗa wa wanda ke cinye jarinsa yana zaton riba ce. Maganar ta yi daidai da abin da masana suka gani, domin naman jikinta take narkarwa a hankali har ruwa ya dawo. A farke kuwa mai cizo ce ta gaske, haƙoranta faranti ne masu murƙushe katantanwa. Sau da yawa akan kama ta da guntuwar wutsiya ko an cire mata ɗaya daga siraran gaɓoɓin nan huɗu, kuma tana mayar da su.

Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi, a Yamai ko Kano ko Turai, da irin wannan matsala ta cizo suke fama. Akwai wani ɗan kifi mai zanen damisa daga tsibiran Indunusiya da ya yi suna wajen tsinke fiffiken maƙwabta. In an ajiye biyu ko uku sai su addabi kowa, in an ajiye garke sai su shagala da junansu. Talibambam, mai kumbura ciki in an taɓa shi, ba a haɗa shi da kowa saboda haƙoransa. A kogin Kwara akwai wani siririn kifi da fiffiken wasu ne abincinsa, a tafkin Tanganyika kuma akwai mai cin ɓawon kifi, wanda bakinsa ya karkace dama ko hagu gwargwadon gefen da yake kai hari. Waɗannan sana'arsu ke nan, ba za a raba su da ita ba. Tarwaɗa ba haka take ba, nata cizon yana ƙaruwa yana raguwa bisa ga yadda aka ajiye ta.

A tabki, bazara ce ke tsananta shi. Daga Maris zuwa Mayu ruwa na ja da baya kullum, dabbobi na sha, rana na ɗiba, masu lambu na jan nasu. Kifin da ya watsu cikin ciyawa da damina, kowa da maɓoyarsa, sai ya taru a ɗan gurbi guda, babba da ƙarami, babu wurin gudu. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A ganina hikimar tsohuwar al'adar su tana nan. Sarkin ruwa kan hana taɓa ruwa har kifi ya yi ƙwai ya girma, sa'an nan a sa rana gari ya fito da koma da gora a kwashe. Kifi na ganinka mai jar koma, amma gara koma da bakin ɗan'uwa. Ƙungiyar da ta zuba iri ta kuma yi ta jinkirin kamu tana jiran farashi ya hau, tarwaɗa take yi wa kiwo ba mutanen gari ba.

Ban yarda a kira ta mugun kifi ba. Halitta ce da aka shirya wa ruwan da ba ya daɗewa, inda wanda bai yi saurin girma ba taɓo zai binne shi. A tabki tana da ciyawar ɓuya da daren tafiya. A kwami mu muka toshe mata duka biyun, don haka abin da ya faru a ciki yana wuyanmu. Kowa ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba. Kifi ba ya kuka a ji, amma shi ma abin tsarewa ne.

Mai niyyar farawa, a Tasawa yake ko Kanambakashe ko Mayahi, ya sayi iri masu kai ɗaya, kada ya yarda a cika masa da manya-manya a ce gyara ne. Ya riƙa tsame waɗanda suka zarce kowane mako ko biyu a watannin farko, ya ba su wurinsu daban. Kada yunwa ta kwana a kwamin: abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a watsa ko'ina don ƙarami ya samu, a kuma ba na yamma muhimmanci. A yi rumfar zana a kai, a sauya ruwa kafin ya yi wari, a ware mai rauni tun sauran ba su farga ba. Duk wannan ba ya yiwuwa da mazubi guda. Wanda bai tanadi kwami na biyu ba, ya dakata da sayen iri har ya tanada.