Daga Sukukutane zuwa bayan teku a kan gajeren zango

Duk wanda ya tashi a ƙasar Arewa ya san gajeren zango, domin a kansa iyayenmu suka saba kama BBC da Muryar Jamus da asuba. A tsakanin waɗannan manyan tashoshi akwai ƴan filaye da aka keɓe wa masu sha'awar rediyo, mutane masu lasisi da ke gaisawa daga ƙasa zuwa ƙasa ba tare da layin waya ba. Kowa da lambar kiransa: ta Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya da 5N.

Igiyar gajeren zango tana hawa sama, ta bugi wani sashe na sararin samaniya da hasken rana ke cika da lantarki, ta dawo ƙasa da nisan dubban kilomita. Murya tana son wuta mai ƙarfi. In ta yi rauni, shuu ɗin rediyo sai ya haɗiye ta. Shi ya sa aka koma aika rubutu. Kwamfuta ta mai da haruffa sauti, rediyo ya ɗauki sautin, kwamfutar can ta sake mai da shi haruffa. Hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu ita ce FT8, wadda Joe Taylor, masanin Amurka da ya ci kyautar Nobel a 1993, ya fitar tare da Steve Franke a 2017. Tana tsinto saƙon da kunne ba ya ji ko kaɗan, don haka batir ɗin pano ya ishe ta.

In ɗalibai suka kafa ƙungiya don wannan aiki, sai ta fara da saurare. Akwatin rediyo na gida ba zai yi ba sai in yana da maɓallin SSB. In babu, a nemi ƴar na'urar RTL-SDR irin wadda ke kama gajeren zango, a soka ta a kwamfuta. Sai eriya: waya mai tsawon mita 10, a raba ta biyu daidai, a haɗa kebul a tsakiya, a ɗaure baki ɗaya a bedi, ɗaya a rufin aji, iya tsayin da aka samu. A saka manhajar WSJT-X, kyauta ce, a tsaya a kan 14.074 MHz.

Daga nan sai agogo, kuma a nan masu koyo suka fi tuntuɓe. FT8 tana tafiya bi da bi, daƙiƙa 15 wannan ya aika, daƙiƙa 15 wancan ya amsa. In agogon kwamfuta ya kauce da ƴan daƙiƙoƙi, allon zai zauna fayau ko da rediyo na ta kuka. A daidaita shi da intanet na wayar hannu kafin a fara. Da ya daidaita, layuka za su soma zubowa: CQ, wato "wa ke ji na?", sai lambar mai kira, sai alamar wurinsa. Alamar yankinmu tana farawa da JK. Yamai JK13 ce.

A ganina gari irin Sukukutane ya fi birni dacewa da wannan aiki, domin wayoyin lantarki da injunan da ke cika iska da hayaniya ba su yi yawa ba. Sai dai caja mai araha da na'urar juya wutar pano suna iya ɓata komai, gara a kashe su a ja wuta kai tsaye daga batir.

Aikawa kuwa sai da lasisi, kuma hukumar ARCEP a Yamai ce ke kula da zangunan rediyo. A halin tsaro na yanzu, ko wayar saurare za a ɗaura, a fara sanar da hukumomin gari da jandarma, a nuna musu allon su gani da idonsu. Ƙa'idar wannan fage ta hana ɓoye ma'anar saƙo, ta kuma hana kasuwanci.

FT8 tana da rowar magana: saƙon da mutum ya rubuta da kansa ba ya wuce haruffa 13, ko gaisuwar kirki ba ta shiga. Mai son hira sai ya koma JS8Call ta 2018, ko PSK31 da Peter Martinez na Ingila ya fitar a 1998. Amma ga ƴan kwaleji, a manna taswirar duniya a bango, duk lambar da ta fito a nemo ƙasarta a soka allura: F Faransa, PY Barazil, JA Japan. Tashoshin 5U kaɗan ne a iska, don haka ranar da ƙungiyar ta sami lasisi ta aika CQ na farko, masu amsawa za su yi mata layi.