Killace Haske a Ɗakin Ɗaukar Hoto

Wanda bai san sana'ar hoto ba yakan zaci cewa idan ana son bayan hoto ya fito baƙi ƙirin, sai kawai a rataya baƙin ƙyalle a bango. Al'amarin ba haka yake ba. Kyamara ba ta damu da launin ƙyalle ba, abin da take aunawa shi ne yawan hasken da ya dawo mata daga jikinsa. Saboda haka baƙin ƙyalle kan fito toka-toka idan haske ya dake shi, farin bango kuma kan koma baƙi idan an hana shi haske. Wannan hasken da kan kufce daga kan mutum ya sauka inda ba a aike shi ba, shi za mu kira malalar haske, domin ya yi kama da ruwan da ya ƙetare bakin kwata.

Babban maganin malala shi ne tazara. Akwai wata ƙa'ida a ilimin kimiyya da ta nuna cewa idan aka ninka nisan abu da fitila sau biyu, hasken da zai samu ba rabi ba ne, kashi ɗaya ne cikin huɗu. Mu ɗauki misali. An girke fitila mita 1 daga fuskar mutum, bango kuma yana mita 1 a bayansa. Bangon yana mita 2 ke nan daga fitila, don haka rubu'in hasken fuskar zai samu. Idan aka janyo mutumin da fitilar har bangon ya koma mita 3 a bayansa, nisan ya zama mita 4, sai hasken ya faɗi zuwa kashi 1 cikin 16. To, amma a ce an ja fitilar baya mita 4, aka bar mutumin mita 1 daga bango, bangon zai kwashi kusan kashi 2 cikin 3 na hasken fuskar. Abin lura a nan shi ne, matso da fitila kusa da mutum duhunta bango yake yi, ko da yake hankali ba ya saurin karɓar haka.

Bayan tazara sai alkibla. Fitilar da ta fuskanci mutum kai-tsaye ta fuskanci bango ma, don haka akan ajiye ta a gefe. Akan kuma ɗaura mata raga mai kamar saƙar zuma, ko 'yan ƙyamare huɗu na ƙarfe, don a tsuke bakin hasken. Wanda ba shi da waɗannan, baƙin kwali da aka tsayar tsakanin fitila da bango ya wadatar. Farar laimar haske kuwa ba ta dace da wannan aiki ba ko kaɗan, watsa haske take yi ko'ina.

Akwai malalar da ake yawan mantawa da ita, wato wadda farin silin da bangayen gefe ke maidowa, musamman a ƙaramin shago. Sai a lulluɓe su da baƙin yadi, a kashe ƙwan ɗaki, a rufe taga. Ga labulen baya, karammiski ya fi, domin yana shanye haske, ba ya ƙyalli.

Salon kansa ya girmi kyamara. Masu zane irin su Caravaggio na Italiya (1571-1610) da Rembrandt na Holan (1606-1669) sun shahara da fito da fuska daga cikin duhu. Sai dai mai ɗaukar hoton baƙar fata yana da ƙarin aiki, domin gashi da kafaɗa kan narke cikin duhun baya. Akan magance wannan da ƙaramar fitila daga baya ta gefe, wadda za ta zana siririn haske a gefen kai da kafaɗa. Ita ma sai an killace ta, kada ta haska idon kyamara.