Keken Tuƙin Jirgi: Aiki a Tsakar Gida, Kwana a Ɗaki

Kowa ya san keken hawa, da keken ɗinki, da keken rubutu na akawu, amma ba kowa ne ya san keken tuƙin jirgi ba. Wani ƙarfe ne da Turawa suka ƙago don mutum ya zauna a kansa ya yi ta ja kamar mai tuƙa kwalekwale har ya yi gumi, alhali kuwa ko ɗigon ruwa babu a ƙarƙashinsa. Yanzu ana shigo da shi ƙasar nan tare da sauran kayan motsa jiki, wani sabo, wani na hannu, har ya kan faɗo hannun wata makaranta, ko kulob, ko wani ma'aikaci da likita ya ce masa ya rage ƙiba.

To, abin da ya sa muka ɗauko zancensa shi ne, don cikin ɗaki aka ƙera shi, ɗakunanmu kuwa ƙanana ne, ga zafi. Duk wanda ya sami irinsa a Dutsen Abba, ko Tudun Wada, ko wata unguwa ta ƙasar Zariya, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya fitar da shi tsakar gida, ya rufa masa tamfol, ya huta. Shin haka daidai ne? Amsa a taƙaice ita ce: aiki da shi a waje ba laifi, har ma ya fi daɗi, amma kwana a waje shi ne ajalinsa. Ga dalilai.

Asalinsa da Yadda Yake Aiki

Tseren jirage tsohon wasa ne a Turai. Tun shekarar 1829 jami'o'in Oksfod da Kambirij na Ingila suka fara kara wa juna a kogin Tems, a 1900 kuma aka yi shi a wasannin Olamfik na birnin Faris. Amma a ƙasashen sanyi kogi ya kan daskare da hunturu, matuƙa su rasa wurin gwaji. Wannan ne ya sa aka yi ta neman dabarar tuƙi a kan tudu. A 1981 waɗansu 'yan'uwa biyu, Dick da Pete Dreissigacker, masu kamfanin Concept2 a jihar Vermont ta Amurka, suka fito da wani keke da suka haɗa da ƙafar keken hawa. Shi ne kakan irin wanda aka fi gani yau. A 1982 aka fara gasa a kansa a birnin Boston. Tsawon da aka saba aunawa yanzu mita 2,000 ne, daidai da na tseren kan ruwa.

Mu ma ba a bar mu a baya ɗungum ba. A 2012 wani mutumin Jamhuriyar Nijar, Hamadou Djibo Issaka, ya shiga tseren Olamfik a Landan bayan koyon 'yan watanni kaɗan. Shi ya zo na ƙarshe, amma 'yan kallo sun yi masa tafi ƙwarai. A 2016 Chierika Ukogu ta zama ta farko da ta tuƙa wa Nijeriya a Olamfik, a birnin Riyo na ƙasar Birazil. Yaron Zariya ba shi da kogin tsere, gama Kubanni da rani ba ta ɗaukar jirgi, amma da wannan keke yana iya koyon ja, a kuma auna ƙarfinsa da ma'auni ɗaya da na yaran duniya duka.

Ga yadda sifarsa take. Akwai wani dogon ƙarfe kamar layin dogo, da kujera mai 'yan tayoyi tana gudu a kansa, da matakai biyu masu maɗauri. Mutum ya kan kama mariƙi ya ja, mariƙin ya ja sarƙa, sarƙar ta juya wata fanka da ke cikin raga. Iskar da fankar ke kaɗawa ita ce ke tsayawa a maimakon nauyin ruwa: iyakar ƙarfin janka, iyakar nauyin da za ka ji. A gefen fankar akwai wani hannu mai lamba 1 zuwa 10 na ƙara iska ko rage ta. A ciki kuma akwai igiyar roba mai mai da sarƙa baya, a sama ga agogo mai batir biyu yana nuna nisa da lokaci. Tsawonsa ƙafa 8, nauyinsa wajen laba 57, watau kilo 26. Akwai kuma wani iri na katako mai tankin ruwa a maimakon fanka, kamar na kamfanin WaterRower, wanda aka fara yi a 1988.

Abokan Gaba Uku

Na farko ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ta kan kwaso ƙura daga wani kwari da a ke kira Bodele a arewacin Chadi, inda tafki ya ƙafe tun zamanin da, ta zube mana ita. Ƙurar nan ta fi gari laushi, babu kafar da ba ta shiga. In ta gamu da man da ke jikin sarƙa sai su zama kamar magagari, kowane ja ɗaya yana cin haƙoran ƙarfe kaɗan-kaɗan. In ta kwanta a kan dogo, tayoyin kujera su niƙa ta, kujera ta dinga tuntuɓe. In kuwa ta toshe ragar fanka, iska ba ta shiga sosai, jan ya yi sakwaf.

Na biyu ruwa. Ƙasar Zariya ta kan sami ruwan sama wajen inci 40 a shekara, watau milimita 1,000 ko fiye, yawancinsa tsakanin Mayu da Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Agogon keken nan ba a yi shi don ruwa ba, jiƙa ɗaya tana iya kashe shi. Sarƙa da notuna da ƙafafu kuwa tsatsa ke jiransu. Kada kowa ya ruɗu da tamfol. Yana tare ruwan sama, amma ba ya tare laimar da ke tasowa daga ƙasa. Da rana ta yi zafi sai tururi ya taru a ƙarƙashinsa, da dare ya yi sanyi ya koma raɓa ya kwanta a kan ƙarfe. Keken da ke ƙarƙashin tamfol da damina kullum a jiƙe yake kwana, ko da ba a yi ruwa ba.

Na uku rana. A watannin Maris da Afrilu zafi ya kan kusanci digiri 40 a inuwa, balle ƙarfen da ke shanye a fili. Rana tana busar da roba ta sa ta tsage, tana ƙona gilashin agogo, tana kashe ƙarfin igiyar da ke ciki. Na katako ya fi shan wuya: ya kumbura da damina, ya tsage da hunturu, ruwan tankinsa ya yi gansakuka in rana tana dukansa, ga kuma gara tana jira daga ƙasa. A ƙara da ɓera mai gaigayar maɗauri, da zanzaro mai gina ɗakinsa a cikin raga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda Za A Yi Aiki Da Shi A Waje

A fito da shi bayan sallar asuba, ko bayan la'asar sa'ad da rana ta yi sanyi, a girke shi a inuwa, ƙarƙashin rumfa ko baranda. Wurin ya kasance daɓe ko siminti, shimfiɗaɗɗe ba gangare ba, mai tsawon ƙafa 9 da faɗin ƙafa 4. In ƙasa ce tsura, a shimfiɗa tabarma, don fanka tana zuƙar duk abin da ke kusa da ita. Ran da hazo ya yi kauri a bar shi a ɗaki, domin ƙurar da ke cutar sarƙa ita ce mai ja yake shaƙa, balle mai asma. In hadari ya haɗo kuma, kada a jira yayyafi.

Mai ja ya tuɓe babbar riga, ya cusa bakin taguwa cikin wando, gama tayoyin kujera su kan kama tufa. A kori ƙananan yara daga kusa da dogo, don kada kujera ta matse musu yatsu. A fara turawa da ƙafafu, sa'an nan baya, sa'an nan hannuwa, wajen komowa kuma a juya tsarin. Mai koyo ya bar hannun iska tsakanin 3 da 5. Masu tsammanin lamba 10 ita ce jaruntaka, ciwon baya su kan saya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, watau minti 30 sau biyar. Dattijo, ko mai hawan jini, ya ga likita tukuna. Wani amfani na tsakar gida shi ne matan gida ma suna iya samun rabonsu ba tare da sun fita ba.

Ajiya

Da an gama, a goge dogo da mariƙi da tsumma, don gumi gishiri ne, gishiri kuwa abokin tsatsa ne. Irin mai fankar nan yana rabuwa biyu ba tare da sifana ba, mutum biyu su ɗauke shi su jingine a kusurwar ɗaki ko sito. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai ya nisanta shi daga nan, ya ɗora shi a kan katako ko bulo, ya rufe shi da zanen auduga mai shan iska, ba leda ba. A saki mariƙi ya koma bakin raga, kada a bar shi a maƙale igiya tana miƙe. Masu ƙera shi sun ce a shafa wa sarƙa mai bayan kowace awa 50 ta aiki. Cokalin shayi ɗaya na man keken ɗinki a tsumma ya isa, amma a goge tsohuwar dauɗa tukuna, a kuma share ragowar man, musamman da hunturu.

Malaman makaranta su lura da abu ɗaya: dogon hutu ya kan faɗo ne a tsakiyar damina. Keken da aka manta a baranda ran rufe makaranta a Yuli, kafin a komo a Satumba ya zama kayan 'yan gwangwan. Kafin a tafi a cire batir, don in ya daɗe ya kan yi yoyo ya cinye cikin agogo.

Wa Ke Da Alhaki?

Akwai abokin gaba na huɗu wanda ya fi ukun nan ɓarna, shi ne rashin mai shi. Kayan da aka ce na kowa ne, ba wanda ke tashi da dare ya shigar da shi in an fara iska. A zamanin En'e, kafin a mai da ita ƙananan hukumomi a 1976, kome ƙanƙantar kaya sai an shigar da shi littafin sito, a kan zo a ƙidaya, wanda ya sa hannu shi a ke tambaya. Wannan al'ada ba ta tsufa ba. A ɗora keken a wuyan malami guda da sunansa, a ba shi ɗalibai biyu masu fitarwa da shigarwa, a rataye ƙaramin littafi a jikinsa a dinga rubuta mintocin aiki. Lissafin ba wuya: in yara 10 suka yi minti 15 kowanne a yini, awa biyu da rabi ke nan, cikin kwana 20 na makaranta an cika awa 50. Watau sau ɗaya a wata za a shafa mai.

Kayan gyaran keken nan daga ƙasashen waje a ke sayo su, da kuɗin waje, mai gyaran keke na bakin kasuwa ba shi da su. Tsumma da ɗigon mai da minti biyar na ɗauka kuwa suna hannun kowa. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya kiyaye waɗannan, kekensa zai yi shekaru yana aiki, har ƙannen ɗaliban yau su gaje shi. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.